Fiton Mutanen Kikabu

Ni ban tashi a gindin wutar kara ba. A hawa na tara na girma, a wani bene a Pantai Dalam can ƙasar mutanen Malay, murhun gas ne dandalinmu. Nan Hajiya, kakata ta wajen uba, take zama bayan magariba tana jiran ruwan shayi, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta. Rainon ƙanwata ya kawo ta daga Kano, sai ta tarar da jikan da ba ya mayar mata da Hausa. Abin ya tsaya mata a rai.

Babana yana karatun harsuna a jami'a. Shi ya ba ta labarin Kickapoo, wasu 'yan asalin Amurka da aka yi ta kora daga ƙasarsu har wasunsu suka ɓulla Meziko. Sunan ya ƙi zama a bakinta, ta mai da su Kikabu, ta kuma mai da su tatsuniya.

A tatsuniyarta, duk inda aka kore su sai su bar gona da bukka, su tafi da yarensu. Samarinsu kuwa sun iya zuba magana cikin fito, saurayi ya yi daga nesa, budurwa ta gane ta amsa. Wannan, in ji Baba, gaskiya ne. Hajiyar da ke hana ni fito da magariba, wai kiran aljanu ne, ita ce da kanta take turo baki tana gwadawa.

"To Maigida, me saurayin ya ce?"

"Tak tahu lah," in ce da yaren Malay, wato ban sani ba.

"Allah ya shirye ka. Ni dai na gaji."

Sai ta kashe gas ɗin. Kusan kullum a nan tatsuniyar take mutuwa.

Shekaru bayan ta koma gida ta kwanta ciwo, aka miƙo mini waya. Ta yi ta magana, rabi kawai na tsinta. Sai na yi mata fito. Ta yi dariya har da tari.

"Na ji ka, Maigida. Amma me ka ce?"

Babu komai a cikin fiton. Mutanen Kikabu da yare suke fitonsu, nawa iska ce kawai. Hausar nan da nake rubutu da ita, sai bayan an binne Hajiya na zauna na koye ta. Yanzu ina da amsa, mai tambayar ce babu.