Kwalbar da Yaya Bello Ya Kai Karaye

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Bello makwancinsa a Aliero, ana tsakiyar kakar albasa. Duk shekara in lokacin ya zagayo, manyan motoci suka fara layi a bakin kasuwa, sai in ji kamar zan hango shi a kan buhu, hularsa a karkace, yana ciniki yana dariya. Bana na ce bari in rubuta wani abu a kansa, domin akwai wata gardama tsakanina da shi da ba mu ƙarasa ba, ga shi kuma ta biyo ni har cikin gidana.

Ga wanda bai san shi ba, dillalin albasa ne, mutum mai sakin hannu har abin ya so ya yi yawa. Mahaifiyarmu takan ce da hanci na ciruwa, da tuni Bello ya ba da aron nasa. Ni ƙaninsa ne, ina koyarwa a wata makaranta a Jega, kuma tun muna yara ni aka laƙaba wa rowa a gidanmu, don kawai ina tambayar inda abu ya tafi.

Ciwon ya zo masa a hankali. Gajiya, ƙin abinci, sannan idanu suka koma ruwan ɗorawa. Aka ce shawara ce, ya sha jiƙe-jiƙe har ya gode Allah. Da ƙyar na ja shi asibiti, gwajin jini ya nuna ciwon hanta ne, nau'in C. Likitan ya ce hantar ta riga ta taɓu, amma akwai magani. Na Turawa ya fi ƙarfin irinmu, sai dai akwai wanda ake shigowa da shi daga Indiya, haɗinsu ɗaya, kuɗinsa da dama-dama. Kwalba uku ce, kowace ta wata guda, ƙwaya ɗaya kullum, ba fashi. Ya maimaita mana cewa ko mutum ya ji ya warware, kada ya kuskura ya tsaya sai ya ga ƙarshen ta ukun. Yaya ya sayar da albasar da ya ajiye yana jiran ta yi tsada, wani mai kemis a Sakkwato ya nemo mana, muka daɗe muna jira kafin ya iso.

Kafin ta farko ta ƙare ya fara neman tuwo da kansa. A ta biyu ya koma kasuwa, muryarsa ta dawo. Mun yi murna ƙwarai, ni har na saki jiki na rage zuwa Aliero. Ranar da na je na tambayi ta ukun, bai ko yi ƙoƙarin ɓoye mini ba.

"Tana Karaye," in ji shi. "Garba na kwance, idanunai kamar nawa na da, ga ɗiya ƙanana. Ni na warke, ba ka gani? In aje magani cikin akwati ɗan'uwana shina mutuwa? Ba a rowar magani, Malam."

Garba manomi ne a Karaye, wani ƙauye na nan yankinmu, ya yi shekaru yana kawo wa Yaya albasa, aminci ya shiga tsakaninsu. Yaya da kansa ya hau kabu-kabu, wato babur na haya, ya ratsa ta Maiyama ya kai masa kwalbar, ko buɗe ta bai yi ba.

Dole in yi masa adalci, domin ba daga kansa ya ƙago wannan ba. A wajenmu magani ba dukiya ba ne. Wanda ya gaji saiwar cizon maciji ba ya hana ta ko ga maƙiyinsa. Ragowar ƙwayar zazzaɓi takan zaga gida uku kafin ta ƙare. Ko godiyar magani ma ba a yi, ana cewa sai ya ƙi ci. Wannan ɗabi'a ta rayar da mutane da yawa a lokacin da asibiti ke da nisa, kuma ni ma na ci moriyarta. Amma ƙwayar nan ta Indiya ba ta san al'adarmu ba. An auna ta ne ga mutum ɗaya, wanda aka gwada jininsa, daga farko har ƙarshe.

Na yi faɗa, na yi lallashi, muka shiga neman wata kwalbar. Kafin a same ta an yi dogon fashi, da aka sake gwaji cutar ta dawo, hantar kuma ta ƙara lalacewa. Shi kuwa Garba, da aka kai shi asibiti daga baya, sai aka tarar nasa nau'in B ne, wanda wannan magani ba ya yi masa komai. A ido ciwon iri ɗaya ne, a jini kowa da nasa. Garba ya riga shi tafiya. Yaya ya bi bayansa, cikinsa a kumbure, ƙafafu kamar turmi, yana ba ni haƙuri ni da ke tsaye lafiya lau. Na san kwana ne ya ƙare, ba na ja da hukuncin Ubangiji. Amma an ce Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma har yau zuciyata ba ta daina komawa kan wannan kwalba ba.

Tun daga lokacin na zama ɗan rakiyar masu ciwon hanta a yankinmu, ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Nakan kai mutum gwaji, in haɗa shi da likita, in bi masa sahun magani don kada a sayar masa da jabu, sannan in dame shi da waya kowace safiya ina tambaya ko ya sha. Maganin ya fi samuwa yanzu fiye da zamanin Yaya, wasu kuma sun warke sarai a kan idona. Da zai dawo ya gani, na san dariya zai yi ya ce marowaci ya samu sana'ar da ta dace da shi. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai ji in ya tarar da irin sunan da ya bari. Har gobe a kasuwar Aliero ana ba da labarin Bello da ya cire magani daga bakinsa ya ba amininsa. Ana faɗa ana jinjina kai, ana cewa alheri danƙo ne. Ba wanda ke ƙarasa labarin, ni kuma bakina ba ya iya ɓata wa mamaci abu mafi kyau da ake tuna shi da shi.

Matarsa, Hajiya Kulu, tun wancan lokaci aka gwada ta aka ga ita ma tana ɗauke da cutar. Ciwo ne da kan yi shekaru a jiki shiru, sai ta ce lafiyarta ƙalau, ta ƙi maganar magani. Bana da gajiya ta fara kayar da ita ta yarda. Na ɗauko ta daga Aliero na ajiye ta a gidana a Jega, kwalaben kuma na kulle su a ɗakina. Kowace safiya ni ke miƙa mata ƙwayarta. Akwai wasa tsakaninmu irin na matar wa da ƙanin miji, ta sa mini suna likitan dole, ni kuma ina ce mata amarya mai gardama.

Akwai wata mata daga Gehuru da ke kawo mana zogale. Mijinta na kwance, shi ma idanu sun sauya. Ta ji labarin maganin, ta durƙusa ta roƙe ni ko 'yan ƙwayoyi kaɗan. Na yi mata bayani iya iyawata, na ce sai an gwada shi tukuna. Ta ɗauki kwanonta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "An ce mani ƙanen Alhaji Bello na, shi ya sa niz zaka." Ban taɓa jin magana mai laushi da ta yi mini zafi kamar wannan ba.

Makon jiya matata na wanki, ta ji ƙulli a bakin zanen Hajiya Kulu. Da ta kwance, ƙwayoyin ne. Ashe wasu ranaku takan karɓa ta kai hannu baki, ta kora da ruwa, ƙwayar na tafin hannunta. Tana tarawa, in mai zogale ta zo ta ba ta. Muna cikin kwalba ta uku, kuma ita kanta ba ta san ko nawa suka tafi Gehuru ba.

Na same ta a inuwa tana tsinke zogale. Na ce, "Hajiya, a gabanki aka yi na Yaya. Ke kika yi jinyarsa." Na ɗauka za ta ji kunya ko ta yi kuka. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Na sani, Malam. Ni ma na kwana gaban miji shina nishi, ba ni da abin ba shi. Matar ga haka take kwana. Ka ce in dube ta in ce babu, alhali akwai? Wajen wa nika koyon wannan? Ba dai wajen yayanka ba."

Na bar ta a wurin. Na je na gaya wa likita, ya ce a ci gaba da sauran ba fashi, gwajin da za a yi bayan an gama ne zai nuna ko an tsira. Na nemi mota na kai mijin matar nan aka ɗebi jininsa, muna jiran sakamako. In nasa irin na Garba ne, ƙwayoyin Hajiya sun tafi a banza. In irin nata ne, ban san inda za su samo kwalba uku ba. Ko ta ina na duba, ban ga inda zan dafa ba.

Mutane kan tambaya me mamaci ya bari. Rumfar albasar Yaya tana hannun wani, babur ɗinsa ya daɗe da mutuwa, gidan ma an raba. Hannunsa ne kawai bai ruɓe ba, yana nan a jikin matarsa da duk wanda ya taɓa zama da shi. Ina alfahari da wannan hannu, ina kuma tsoronsa. Allah ya jiƙan Bello da Garba, ya sa niyyar da ta kai shi Karaye ta tarbe shi a can.

Yau da safe na tsaya a kan Hajiya Kulu har ta haɗiye. Ta buɗe mini baki, ta ware tafin hannayenta biyu tana dariya, dattijuwa mai jikoki. Ni ma na yi dariyar don kada ta ga idona. Sannan ta ce in na fita in dubo mata ko mai zogale ta iso.