Safiyar da Na Yi Tafinta a Port Môle

Ko zan manta komai na zamana a Libreville, ban da safiyar da na yi tafinta a tashar jirgin ruwa ta Port Môle. Yau duk mai son ƙwallon kwando a can ya san dogon ɗan wasan nan da ya kai har Turai. Ni kuwa na san shi tun yana ɗan maƙwabcina mai gyaran takalma a unguwar Oloumi, yana jefa ƙwallo cikin garen keke da ya ɗaure a jikin mangwaro. Ina kan keken ɗinkina ina yi masa tsiya: "Tsawon banza, sai cin yadi!"

Bayan an karya darajar kuɗin sefa kasuwa ta mutu, sai kuma aka ce duk baƙon da ba shi da katin zama ya bar ƙasa. Uban ba shi da shi, ya ɗaure kaya ya ce har yaron za su tafi. Kocin yaron, wani Kirista ɗan ƙasa, ya yi ta zarya yana roƙo a bar shi, ƙungiya za ta yi masa takarda. Ni ma, Allah Ya yafe mini, har da ni a masu zuga uban ya tafi da shi. Yaron dai cewa ya yi ba zai zauna ba sai Baba ya yarda.

Ana layin shiga jirgi sai ga koci ya sake zuwa. Uban ba ya jin Faransanci, sai ya juyo gare ni.

"Malam tela, tambaye shi, in yaron ya kwanta ciwo wa zai yi jinyarsa?"

Koci ya ce shi da kansa.

"In azumi ya zo fa, wa zai ba shi sahur?"

Sai da na yi bayanin sahur. Koci ya ce matarsa za ta tashi ta dafa.

Ko kalma ɗaya uban bai tambaya kan ƙwallo ba. Ya kama hannun ɗansa ya danƙa a na koci.

"Gaya masa amana ce. Allah Ya yi maka albarka, ɗana."

Na fassara cikin kunya da tausayi. Koci ya riƙe amana shekara da shekaru. Uban kuwa har ya rasu a gida bai taɓa ganin ɗansa a filin wasa ba.

Tun ranar na daina raina abin da yaro ke so. Kuma in na ji ana yabon wanda ya ɗaukaka, nakan tambayi wa ya daure ya sake shi.