Fiyanon Maƙwabcinmu da Kiran La'asar

Lokacin da nake zaune a unguwar Satwa, can ƙasar waje, mu uku ne a ɗaki, bango kawai ya raba mu da wani dattijo mutumin ƙasar Hangari. Fiyano yake kaɗawa a wani otal da yamma, da rana kuma yana bita a ɗakinsa. Akwai kiɗa ɗaya da ya fi maimaitawa. Yakan fara a hankali kamar mai ta'aziyya, can sai ya ɗau gudu har kofunanmu su riƙa rawa a kan kanta.

Mai gidan ya riga ya gargaɗe shi, ya ce in aka sake kawo ƙara to ya tattara kayansa. Cikinmu wani ɗan Maraɗi ne ya fi ƙosawa, don kiɗan yakan shigar masa cikin sallar La'asar.

"Malam, jiya raka'a biyar na yi," in ji shi. "Ko ka yi masa magana ko in kira mai gida, kalas, shi ke nan."

Na ukunmu, Bakano, ya ce, "Kai dai faɗi gaskiya, tun a Maraɗi kake yin biyar ɗin nan."

Da yake ni ne babba, ni na je. Da ɗan Turancina na gaishe shi, na tambayi aiki da iyali. Kafin in kai ga abin da ya kawo ni ya ajiye mini shayi, na sha. Wanda ya sha shayin mutum kuwa ba ya buɗe baki da ƙorafi. Sai na tambaye shi labarin kiɗan.

Ya ce asalinsa waƙar ƙauye ce ta biki. Wani gwani na zamanin da ya ɗauke ta, ya yi mata ado har sai da ta cika yatsu goma. Ya nuna mini takardar da aka rubuta kiɗan, ɗige-ɗige kamar wasulla babu baƙi. Ya kaɗa asalin waƙar da yatsa ɗaya, gajeriya, ko yaro zai riƙe. Ya ce kakarsa takan rera ta tana feraye dankali.

Ni ma na ba shi namu labarin. Na ce a garinmu ko ana tsakiyar biki, da ladan ya ɗaga murya makaɗi yakan ajiye gangarsa sai an idar. Ban roƙe shi komai ba. Ya tambayi tsawon sallar, na ce gwargwadon shan shayin nan.

Washegari kiran La'asar ya same shi yana tsaka da gudun, ya tsaya cak. Haka ya riƙa yi kullum, ba a kuma sake zancen mai gida ba. Ni da na idar nake fita aiki, shi ya sa har na bar Satwa ban ji yadda kiɗan yake ƙarewa ba.