Ranar da Na Miƙa wa Baƙuwarmu Cokali

Shekarun baya, ina ƙaramar malama a jami'a can Gubi ta Bauchi, wata gidauniya ta ba mu tallafin bincike kan abincin yaye. Ni da abokiyar aikina, wata 'yar kudancin Bauchi mai sanyin hali kamar ruwan randa, muka haɗa garin kunu na gero da waken suya da gyaɗa da busasshen kifi, don mu ga ko zai sa yaran da ake shirin yayewa su murmure. Muka raba wa iyaye mata a unguwar Ƙofar Dumi da sharaɗi ɗaya: na jaririn ne shi kaɗai. Ni kuwa har tafiyata ta canza, a raina na gama da tamowa a duk faɗin Bauchi.

Wata ya bi wata, sikeli ya ƙi motsi. Yadda muka ɗora yaro wancan watan, haka muke sauke shi wannan. Sai ga saƙo daga gidauniyar: za su turo wakiliya ta duba, in babu ci gaba a rufe aikin.

Na ce wa abokiyata, "Wallahi sayar da garin nan suke yi!"

Ta ce, "Malama, a dai bi a hankali. Mu je mu gani tukuna."

Da hantsi muka faɗa gidan wata matar maƙeri ba tare da sanarwa ba. Muka same ta a tsakar gida, jaririnta a cinya, kofin kunu a hannu, yayyensa uku sun tsugunna a gabanta. Cokali ɗaya ga jariri, ɗaya ga wannan, ɗaya ga waccan. Ashe inda garinmu ke tafiya ke nan!

Na ce, "Haba baiwar Allah! Sau nawa muka faɗa miki nasa ne shi kaɗai?"

Ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta ce, "Anti, duk ni na haife su. Wannan ya sha, waɗannan suna kallon bakinsa? In ke za ki iya, bisimilla." Ta miƙo min kofin. Ban karɓa ba, muka yi mata sallama.

Muka zaga sauran gidajen, labarin duk ɗaya ne. Garinmu lafiyarsa ƙalau, rabon jaririn ne ba ya isa cikinsa. Mafita ɗaya ce: a ƙara garin da zai wadaci yayyen.

Wakiliyar ta iso daga Abuja, wata Hajiya mai tabarau, ba ta wasa. Na kora mata bayani, ta girgiza kai. Ta ce, "Tallafinmu na 'yan ƙasa da shekara biyu ne, ba ciyar da unguwa muka zo yi ba. Ku ƙara wayar wa iyayen da kai, in sun ƙi ji a rufe."

Na buɗe baki ke nan abokiyata ta take min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na haɗiye maganar, na yi murmushin dole, na ce, "Ranki ya daɗe, gani ya kori ji. Ki zo gobe ki nuna wa uwa ɗaya yadda ake yi, mu ma mu koya."

Na koma na roƙi matar maƙerin ta bari mu kawo baƙuwar gidanta, ta yi dariya ta ce ta yarda. Washegari keke napep ya sauke mu a bakin lungu, muka taka. Aka shimfiɗa wa Hajiya tabarma, aka ɗora mata jaririn a cinya, ni da kaina na miƙa mata kofi da cokali.

Ta ba shi, ya haɗiye. Ta ƙara. Yayyen suka matso suka tsugunna. Yara ne masu tarbiyya, babu wanda ya ce a sam masa. Amma ta tsakiyar, wata 'yar siririya mai kitson kalaba, duk sanda cokali ya tashi sai bakinta ya buɗe da kansa, in ya wuce ta haɗiye yawu. Hajiya ta juya musu baya. Yarinyar ta zagayo ta sake tsugunnawa. Na ga cokalin ya tsaya a sama.

Can sai na ji ta ce, "Zo, 'yata. Ce haa."

Daga nan fa sai sauran. Kafin ka ce kwabo kofi ya koma wayam. Na gyara murya na ce, "Ranki ya daɗe, kin ɓata mana bincike."

Gidan ya kaure da dariya, har ita. Sannan ta cire tabarau ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Ki rubuto min abin da kike buƙata. Ni zan tsaya miki."

Ta kuwa tsaya. Ba a rufe aikin ba, aka ƙara mana da rabon yayye. Ranar da muka ɗora jaririn matar maƙerin a sikeli na ga allura ta wuce inda ta saba tsayawa, guɗa na rangaɗa, ni da ban iya guɗa ba. Abokiyata ta ce kamar an take wutsiyar kyanwa. Ban damu ba, daɗi ne ya kashe ni. Sauran yaran ma haka suka riƙa cikowa, kumatu suka fito.

Har yau in na tuna sai na ji ƙirjina ya cika. Na koyi cewa a garin nan ba a ciyar da yaro shi kaɗai, don ba shi kaɗai uwarsa ta haifa ba. Shi ya sa duk ɗalibin da ya kawo min tsarin bincike kan abincin jarirai, kafin in duba komai nakan tambaye shi, "To na ji na jaririn. Waɗanda za su tsugunna a gabansa fa, me ka tanadar musu?"