Ranar da na nome geron Baba

Jiya ɗana ya dawo daga lakwal, wato makaranta, an yi musu gargaɗi kan ƙwaya. Ya ce, "Baba, kai a ina ka fara saninta?"

Sai ga ni a gonarmu ta hanyar Dungu, ina ɗan shekara sha biyar.

Ranar gayya ce. Wani ɗan unguwarmu da ya dawo daga ci-rani ya jefa mini tramol a kunu, wai maganin gajiya ne. Ai kuwa na wuce kowa, makaɗi sai kirarina yake.

Da la'asar mahaifina ya kama hannuna, muka bi kunyoyin da na nome. Ashe na share geron tare da ciyawa.

Na ce, "Amma ni na fara kai ƙarshe."

Ya tsugunna ya ɗauki wani tsiron da na sare, ya ce, "Ka kai ƙarshe kam. To, me za mu ci?"

Bai dake ni ba. Washegari mu biyu muka yi ta dashe. Ban sake sha ba.

Allah ya jiƙan Baba. Ku fa, wa ya fara nuna muku gaskiyar ƙwaya?