Katakan Jirgi a Madambaci

Shekarar da na yi ritaya, 'yata ta kawo mini tsarabar ƙaramin jirgin ruwa na katako a kwali, irin wanda mutum ke haɗawa da hannunsa. Na kafa haƙarƙarin jirgin lafiya lau a barandar gidanmu na unguwar Arkilla. Da na zo rufe jikinsa da siraran katakai, sai aiki ya tsaya. Duk wanda na lanƙwasa sai ya karye, don sun bushe ƙayau.

Matata tana gefe tana kallona, har na karya na biyar.

"Alhaji, miƙo min su nan," in ji ta.

"Mi za ki yi da su, Hajiya?"

Sai ta juye dambun rana, ta wanke madambaci, ta jera katakan ciki, ta rufe. Da suka sha tururi, sai ga su suna bin hannuna kamar ɗanyar kaba. Ina mannawa tana riƙe mini, tana ta yi mini dariya.

Wata uku muka yi muna wannan aiki tare. Duk baƙon da ya yaba jirgin, nakan ce aikin Hajiya ne, ita kuwa ba ta taɓa musawa ba.