Jan Ruwan Famfo

Ilimin ƙarfe na karanta. Daga lise, wato babbar sakandare, ta Tawa na samu gurbin karatu a waje, na yi shekaru ina koyon yadda ake raba ƙarfe da dutse, yadda ake gauraya shi, da abin da ke cinye shi. Na dawo gida injiniya, ina zaton kamfanonin ma'adinai na arewa za su ɗauke ni. Na yi ta yawo har takalmi ya ƙare. Duk inda na shiga sai a tambaye ni wa ya aiko ni, ni kuwa ɗan manomin gero ne, babu mai aiko ni. Daga ƙarshe wani proje, wato shirin samar da ruwan sha, ya ba ni aikin wucin gadi, in riƙa duba famfunan ƙauyuka.

Wata rana da bazara aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Bambeye. Famfonsu sabo ne, amma an ce sun ƙaurace masa. Na iske mata cunkushe a bakin tsohuwar rijiya suna jan guga, famfo kuwa ko akuya babu kusa da shi. Wata tsohuwa, wadda mabuɗin famfon ke hannunta, ta ja ni zuwa wurin. Ta buga, ruwa ya zubo ja kamar an wanke nama.

Ta ce, "Ɗana, duba. Mun dama hura da shi, ta yi baƙi. Mun wanke zane, ya tashi da tabo. Mutanenku sunka zo sunka ce ƙazantarmu ce. Mi munka yi ma ruwan ga?"

Na tara mazan garin muka zaro tiyo ɗin daga rami, gaɓa bayan gaɓa. Duk sun yi tsatsa, wasu har sun huje. Ruwan wannan wurin yana cin ƙarfe, kowa a wurin aikinmu ya sani, shi ya sa aka yi odar inoks, irin da ba ya tsatsa. Na fito da maganaɗisu daga aljihu na kanga, ya manne ƙam, alhali ba ya kama inoks ɗin da aka yi oda. Na kankare inda ya rage fari da wuƙa, farin ya ɓare. Baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi.

Na ɗaura gaɓa ɗaya a bayan babur na komo Tawa. Na iske darakta a ofis tare da ɗan kwangilar da ya yi aikin, suna shan shayi. Na aza ƙarfen a gabansu, na yi bayani.

Darakta ya ce, "Injiniya, ɗauke wanga abu, za ka ɓata mini tebur. Mun riga mun gano matsalar. Mutanen ƙauye ba su iya tattalin kaya ba. Za a je a wayar musu da kai."

Na ce, "Ranka shi daɗe, wane wayar da kai ke hana tsatsa?"

Ɗan kwangila ya yi dariya, ya gyara hula. "Yaro, boko ya yi maka yawa. Ƙarfe ai ƙarfe ne."

Ni ake gaya wa ƙarfe ƙarfe ne! Kuma daraktan da ya ɗauke ni don in san bambancin yana zaune yana gyaɗa kai.

Aka yi wayar da kan kuwa, har da ni a cikin tawaga. Aka zaunar da matan nan ƙarƙashin gawo, matan da ke goge ƙwarya har ta yi ƙyalli, ana nuna musu zane-zane, ana koya musu wanke bokiti da sabulu. Suna sauraro shiru saboda kunyar baƙi. Tsohuwar nan ba ta dubi zanen ba, ni take kallo. Na miƙe na ce, "Iyayena, ba laifinku ba ne. Ƙarfen da anka sa muku ne ba shi da kyau. Ko da turare kunka wanke bokiti, ruwan ga ja zai hito."

Wurin ya kaure da hayaniya. Muka komo gari. Da wa'adin aikina ya cika, aka ce an gode.

Yanzu ina koyar da kimiyya a wata makarantar kuɗi a Tawa. Ba na raina alli, yana ciyar da iyalina. Amma na ji labarin an sake tiyon ƙauyen daga baya, kuma ɗan kwangilar nan dai aka ba aikin, har da buki da tafi. An ce ruwan ya yi fari, na kuma yi musu murna. Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne, an tara matan aure da kakanni a bainar jama'a an kira su ƙazamai, kuma babu mutum ɗaya da ya koma ya ce su yi haƙuri.